Yadda Ake Tura Ɗanyen Bayit Ta Siriyal Daga Maikrokontrola

Duk mai koyon Arduino, umarnin da hannunsa yake fara sabawa da shi shi ne `Serial.print()`. Ka rubuta, ka buɗe Serial Monitor, lambobi su riƙa zubowa a fuskar kwamfuta, hankali ya kwanta. Matsala tana farawa ne ranar da mai sauraro a ɗaya ƙarshen wayar ba mutum ba ne, wata na'ura ce: modul ɗin waya mai tura saƙo, ƙaramin mai kunna sauti, mitar wuta, ko wani allon Arduino. Irin waɗannan ba ruwansu da rubutu. Abin da suke jira bayit ne mai takamaiman ƙima, a takamaiman wuri cikin jeri. In ka tura musu rubutu sai su yi shiru, kuma ba za su gaya maka dalili ba.

Misalan da ke nan na Arduino Uno ne, mai ɗauke da ATmega328P, saboda shi ne ya fi yawa a hannun ɗalibai da masu gyara. Amma ƙa'idar ɗaya ce a ESP32 da STM32 da Raspberry Pi Pico.

Mataki na farko: ka ga bambancin print da write da idonka

Bayit ɗaya bit takwas ne, yana ɗaukar ƙima daga 0 zuwa 255. Tashar siriyal ba ta san komai ba sai wannan: ta ɗauki bayit, ta fitar da shi, ta ɗauki na gaba. Harafi kuwa yarjejeniya ce kawai da aka ɗora a kai. A tsarin ASCII, 65 shi ne harafin A, 48 shi ne alamar sifili, 57 alamar tara.

Loda wannan a allonka:

```cpp
void setup() {
  Serial.begin(9600);
  Serial.print(65);
  Serial.write(10); // sabon layi
  Serial.write(65);
}
void loop() {}
```

A Serial Monitor za ka ga 65 a layin farko, sannan A a na biyu. Abin da ya faru a kan waya shi ne, `print(65)` ya mayar da lambar rubutu, ya tura bayit biyu: 54 na alamar shida, da 53 na alamar biyar. Shi kuwa `write(65)` bayit ɗaya tak ya tura mai ƙimar 65, Serial Monitor ne ya ga dama ya nuna maka shi a matsayin A, domin shi komai harafi yake ɗaukarsa. `println()` kuma yana ƙara bayit biyu a ƙarshe, 13 da 10.

Misalin da ya fi kama mutane shi ne modul ɗin SIM800L. Bayan ka rubuta saƙon tes, sai ka rufe shi da bayit 26 kafin modul ya aika. Wanda ya rubuta `print(26)` ya ƙara wa saƙonsa "26" ne kawai a wutsiya, modul yana nan yana jiran a rufe. `write(26)` ne yake rufewa.

In ka ci karo da tsohon kod mai `Serial.print(x, BYTE)`, to na kafin Arduino 1.0 ne, wanda ya fito a 2011. Daga nan aka cire `BYTE`, `write()` ya gaje shi. Haka nan `Serial.print(x, HEX)` ba ɗanyen bayit yake turawa ba. Rubutu ne shi ma, sai dai da alƙaluman heks, wato ƙirga mai tushe goma sha shida (0 zuwa 9, sai A zuwa F): 255 ya zama harafin F sau biyu.

Mataki na biyu: waya da gudu

A Uno ƙafa 1 ce TX mai fitarwa, ƙafa 0 ce RX mai karɓa. TX na wannan allo yana zuwa RX na wancan, RX kuma zuwa TX, sannan a haɗa GND da GND, wato ƙafar sifilin wuta ta kowane allo. Mantawa da GND yakan haifar da abin da ya fi ba da haushi: wani lokaci ya yi aiki, wani lokaci ya ƙi.

Ka duba ƙarfin wutar kowane ɓangare kafin ka jona. Uno bolt 5 yake fitarwa, ESP32 da Raspberry Pi kuwa 3.3 suke ɗauka. Rasista biyu sun isa su sauke shi: 1k daga TX na Uno zuwa RX na wancan, 2k daga wannan RX ɗin zuwa GND. Tsohuwar tashar RS-232 mai ƙafa tara wani abu ne daban, tana aiki da wuta mai kaiwa har bolt 15 sama da ƙasa da sifili, kuma a juye. Kada ka jona ta kai tsaye, sai da MAX232 ko makamancinsa a tsakani.

`Serial.begin(9600)` yana saita tsarin da ake kira 8N1. Layin yana zaune a sama in babu aike. Kowane bayit yana fita ne da bit ɗaya na farawa mai saukar da layin ƙasa, sai bit takwas na kaya, ƙaramin bit a gaba, sai bit ɗaya na tsayawa. Wato bit goma ga kowane bayit. Saboda haka gudun 9600 yana ba ka bayit 960 a sakan, 115200 kuma bayit 11,520. Riƙe wannan lissafi, shi zai gaya maka ko layinka zai iya ɗaukar abin da kake son ɗora masa.

Dole gudun ɓangarorin biyu ya zama ɗaya. Agogon Uno mai 16 MHz ba ya rabuwa daidai da 115200, gudun da yake fitarwa a zahiri 117,647 ne, kuskuren kusan kashi 2 cikin ɗari. Yawancin na'urori suna jurewa. A 9600 kuskuren kashi 0.2 ne kacal, shi ya sa nake ganin gara a fara gwaji da shi, in komai ya zauna a ƙara gudu.

Mataki na uku: samo abin da zai nuna maka heks

Wannan matakin mutane suka fi tsallakewa, kuma shi ne yake cinye musu kwanaki. Serial Monitor ba zai nuna maka bayit 0 ko 2 ko 211 ba. Wasu ba za su fito ba sam, wasu su fito kamar akwati ko alamar tambaya. Mai kallo sai ya ɗauka kod ɗinsa ne ya lalace, alhali bayit ɗin lafiya lau suke.

A Windows akwai RealTerm da CoolTerm da HTerm, duka suna iya nuna abin da ya shigo da heks. A Linux ba ka buƙatar saukar da komai:

```
stty -F /dev/ttyACM0 9600 raw -echo
hexdump -C /dev/ttyACM0
```

Allon da ke da CH340, wanda yawancin na kasuwa shi suke ɗauke da shi, yakan fito a matsayin `/dev/ttyUSB0`. Kalmar `raw` ɗin nan tana da muhimmanci. In babu ita, Linux yana ɗaukar tashar kamar allon rubutu, ya mayar da bayit 13 zuwa 10, ya haɗiye 17 da 19 domin a wurinsa alamun "ci gaba" da "dakata" ne. Sai bayananka su riƙa canjawa a hanya ba tare da laifin Arduino ba. A kowace manhaja ka yi amfani da ita, ka kashe XON/XOFF, wato tsarin "ci gaba" da "dakata" ɗin nan.

Rufe Serial Monitor kafin ka buɗe wata manhajar. Manhajoji biyu ba sa zama a tasha ɗaya.

Mataki na huɗu: lambar da ta fi ƙarfin bayit ɗaya

A ce kana auna batirin sola ta ƙafar A0, ta hanyar rasista masu raba wuta ba shakka, domin bolt 12 kai tsaye zai ƙona ƙafar. `analogRead()` yana ba da 0 zuwa 1023. A ce ya karanta 723.

`Serial.write(723)` ba zai yi ƙorafi ba, amma 211 zai tura. Bayit kamar mudu yake, abin da ya wuce cikinsa zubewa yake yi: 723 shi ne 256 sau biyu da ragowar 211, ragowar kaɗai ke tafiya. Dole ka raba lambar da kanka:

```cpp
uint16_t batir = analogRead(A0);
Serial.write(batir & 0xFF);   // na kasa: 211, wato D3
Serial.write(batir >> 8);     // na sama: 2, wato 02
```

`lowByte()` da `highByte()` aikin nan suke yi, duk wanda ya fi maka daɗi. Mai karɓa kuma ya harhaɗa: na sama sau 256, a tara da na ƙasa.

Ga ribar: da `println(723)` bayit biyar za su tafi, wato karatu 192 a sakan a gudun 9600. Da `write` bayit biyu ne, karatu 480.

Wanne zai riga fita, na ƙasa ko na sama? Babu dokar da ta tilasta, yarjejeniya ce tsakaninka da mai karɓa. ATmega328P da ESP32 da kwamfutarka duk suna ajiye na ƙasa a gaba cikin ƙwaƙwalwarsu. Na'urori da yawa kuma, har da rajistocin Modbus (tsarin sadarwa na na'urorin masana'antu), na sama suke so a gaba. In ka juya, 723 zai koma 54,018. Duk lokacin da ka ga lamba tana tsalle da ɗaruruwa alhali abin da ake aunawa ɗan motsi kaɗan ya yi, fara zargin jerin.

Lamba mai ɗebewa ma haka ake raba ta, sai dai mai karɓa ya san cewa mai ɗebewa ce. Misali -25 a `int16_t` yana tafiya a matsayin E7 FF, wanda in an karanta shi a matsayin `uint16_t` zai zama 65,511.

Ka daina rubuta `int` a duk abin da zai bi waya. A Uno bayit biyu ne, a ESP32 bayit huɗu. Rubuta `uint8_t`, `int16_t`, `uint32_t`, girman yana cikin sunan. In za ka harhaɗa lamba mai bayit huɗu a Uno, sai ka faɗaɗa kowane bayit kafin turawa hagu, kamar `(uint32_t)b[3] << 24`, in ba haka ba lissafin zai gudana a bit 16, rabin sama ya ɓace.

`float` bayit huɗu ne, ana kwashe su haka:

```cpp
float v = 1.0;
uint8_t b[4];
memcpy(b, &v, 4);
Serial.write(b, 4); // 00 00 80 3F
```

Yana aiki, amma ni na fi son a ninka da goma ko ɗari a tura cikakkiyar lamba. Zafin 41.5 ya zama 415, bayit biyu maimakon huɗu, kuma kana iya gane shi da ido a heks.

Bayit sifili

Wannan yana da nasa rikicin. A harshen C, sifili ne alamar ƙarshen rubutu. In ka zuba bayit ɗinka a jerin `char` ka miƙa wa `Serial.print(jeri)` ko `Serial.write(jeri)` ba tare da faɗin tsawo ba, aike zai tsaya a sifilin farko. `strlen()` ma a nan yake tsayawa. Hanya ɗaya ce mai lafiya, ka faɗi tsawon da bakinka: `Serial.write(jeri, tsawo)`.

A wasu laburare kamar SoftwareSerial, `write(0)` ba zai ma wuce kompaila ba, zai ce kiran yana da harshen damo, domin bai san ko bayit kake nufi ko adireshin rubutu ba. Rubuta `write((uint8_t)0)`.

`sizeof(jeri)` yana ba da tsawon gaskiya ne kawai a inda aka ƙirƙiri jerin. Da zarar ka miƙa jerin cikin wani aiki, `sizeof` zai ba ka 2 a Uno, girman adireshi. Ka riƙa miƙa tsawon tare da shi.

Mataki na biyar: ɗaure kayan a ƙunshi

Nan ne ainihin aikin yake. Lokacin da kake tura rubutu, kana da gata biyu da ba ka lura da su ba: waƙafi yana raba lambobi, sabon layi yana raba saƙonni. Da ka koma ɗanyen bayit duka sun tafi, domin kowace ƙima daga 0 zuwa 255 tana iya zama kaya.

Duba abin da zai faru da bayit biyu-biyu ɗin nan na sama. Arduino yana ta zuba D3 02 D3 02 D3 02. In kwamfuta ta fara sauraro a tsakiya, 02 D3 za ta riƙa ɗauka har abada, ba ta da hanyar sanin ta zame. In kuma ka ce bari ka sa bayit 10 a ƙarshen kowane karatu ka yi amfani da `readline()`, zai yi aiki har ranar da batir ya karanta 522. Wannan a heks 02 0A ne, bayit ɗinsa na ƙasa shi ne 10 ɗin. Saƙo ya karye a tsakiya, sannan ya gyaru da kansa da karatun ya gota, kai kuma kana ta neman waya mai kwance.

Maganin shi ne ƙunshi mai sassa huɗu: alamar farawa, tsawo, kaya, da jimlar tantancewa. Ga namu, mai ɗauke da batir, zafi, da lambar ƙirga:

```cpp
uint8_t kirga = 0;

void setup() {
  Serial.begin(9600);
}

void loop() {
  uint16_t batir = analogRead(A0);
  int16_t zafi = 415;          // 41.5, sa na sensarka a nan

  uint8_t k[9];
  k[0] = 0xAA;
  k[1] = 0x55;
  k[2] = 5;                    // tsawon kaya
  k[3] = batir & 0xFF;
  k[4] = batir >> 8;
  k[5] = zafi & 0xFF;
  k[6] = (zafi >> 8) & 0xFF;
  k[7] = kirga++;

  uint8_t jimla = 0;
  for (uint8_t i = 2; i < 8; i++) jimla += k[i];
  k[8] = jimla;

  Serial.write(k, sizeof(k));
  delay(100);
}
```

Kafin ka rubuta ko layi ɗaya na mai karɓa, yi lissafin ƙunshi ɗaya a takarda. Batir 723, zafi 415, ƙirga 7. Kayan su ne D3 02 9F 01 07. Jimla: 5 da 211 da 2 da 159 da 1 da 7 sun ba da 385, a cire 256, saura 129, wato 81 a heks. Abin da ya kamata ka gani a RealTerm ke nan:

```
AA 55 05 D3 02 9F 01 07 81
```

In abin da ke fuskar kwamfuta ya yi daidai da na takarda, ɓangaren aike ya gama. Duk matsalar da ta biyo baya ta mai karɓa ce, ka rage wa kanka rabin wurin nema.

Me ya sa alamar farawa bayit biyu? Domin AA kaɗai yana iya fitowa cikin kaya, batir 682 ma 02 AA ne. AA da 55 a jere sun fi wuyar haɗuwa bisa tsautsayi, in ma sun haɗu, tsawo da jimla za su tona su. Shi 55 yana da wani amfani na daban: bit ɗinsa 01010101 ne, in ka tura shi a jere ka duba da osiloskop za ka ga layin yana hawa da sauka daidai wa daida, kowane bit maikrosakan 104 a gudun 9600. Hanya ce mai sauƙi ta auna gudun gaskiya na allon da kake shakka.

Lambar ƙirga bayit ɗaya ce kawai, tana kaiwa 255 ta koma sifili, amma ita za ta gaya maka ko ƙunshi ya ɓace a hanya. In ka ga 7 sai 9, ka san 8 ya faɗi.

Jimla mai sauƙi irin wannan tana da rauni. In bayit biyu suka yi musayar wuri ba za ta gane ba, haka in ɗaya ya ƙaru da ɗaya wani ya ragu da ɗaya. A kan tebur da gajeriyar waya ta wadatar. In wayar za ta yi nisa, ko za ta bi kusa da inbata ko injin ban ruwa, koma CRC (lissafin tantancewa mai ƙarfi) mai bit 16 irin na Modbus, ka kuma yi tunanin RS-485, tsarin waya na nisan zango, maimakon jan TX da RX tsirara.

Akwai hanyar da ta fi wannan tsauri, inda ake keɓe bayit ɗaya ya zama na iyaka kaɗai, a hana shi fitowa cikin kaya. Tsarin SLIP na 1988 yana amfani da C0 a matsayin iyaka. In C0 ya fito cikin kaya sai a musanya shi da DB DC, shi kuma DB da DB DD. Wani tsarin mai suna COBS yana kawar da duk sifili daga kaya domin sifili ya zama iyaka, da ƙarin da bai wuce bayit ɗaya cikin kowane 254 ba. In ƙunshinka masu tsawo daban-daban ne, COBS ya cancanci wahalarsa.

Wasu sukan zuba komai a `struct` su tura da `Serial.write((uint8_t*)&s, sizeof(s))`. Tsakanin Uno da Uno babu laifi. Amma kompaila na allo mai bit 32 yana cusa bayit na cike gurbi tsakanin filaye ko a ƙarshensu, sai tsarin da yake bayit 5 a Uno ya zama 6 a ESP32. In za ka bi wannan hanya, sa `__attribute__((packed))` a ɓangarorin biyu.

Mataki na shida: karɓa a kwamfuta

Saka pyserial da `pip install pyserial`, sannan:

```python
import serial, struct, time

s = serial.Serial('COM3', 9600, timeout=1)
time.sleep(2)
s.reset_input_buffer()

while True:
    if s.read(1) != b'\xAA':
        continue
    if s.read(1) != b'\x55':
        continue
    if s.read(1) != b'\x05':
        continue
    saura = s.read(6)
    if len(saura) < 6:
        continue
    kaya, jimla = saura[:5], saura[5]
    if ((5 + sum(kaya)) & 0xFF) != jimla:
        print('jimla ba ta yi daidai ba:', saura.hex())
        continue
    batir, zafi, kirga = struct.unpack('<HhB', kaya)
    print(kirga, batir, zafi / 10)
```

Jiran sakan biyu a farko yana da dalili: buɗe tashar yana sa Uno ya sake tashi daga farko, kuma yakan ɗan dakata ya ga ko za a loda masa sabon kod. A `'<HhB'`, alamar `<` tana nufin na ƙasa a gaba, `H` bayit biyu marar ɗebewa, `h` bayit biyu mai ɗebewa, `B` bayit ɗaya. Kada ka kira `.decode()` a kan ɗanyen kaya, ba rubutu ba ne, zai faɗi da kuskure a bayit na farko da bai dace da UTF-8 ba.

In mai karɓar wani Arduino ne, tsarin ɗaya ne, da tarko biyu. `Serial.read()` yana mayar da -1 in babu komai, in ka zuba shi a `uint8_t` ba ka duba `Serial.available()` ba, zai zama 255, ka ɗauka kaya ne. Na biyu, `char` a Uno mai ɗebewa ne, saboda haka `char c = Serial.read(); if (c == 0xAA)` ba zai taɓa zama gaskiya ba. Yi amfani da `uint8_t`.

Ma'ajiyar karɓa ta Uno bayit 64 ce. A gudun 9600 tana cika cikin kusan milisakan 67, a 115200 ƙasa da 6. `delay(1000)` ɗaya a `loop()` na mai karɓa ya isa ya zubar da ƙunshi da dama. Ta ɓangaren aike kuma, `write()` yana zuba bayit a ma'ajiya ne ya dawo, sai in ta cika yake tsayawa jira. In za ka kwantar da allon barci ko ka juya alƙiblar RS-485 bayan aike, kira `Serial.flush()` tukuna, shi yake jira har bayit na ƙarshe ya fita.

Kuma kada ka bar `Serial.println("na iso nan")` na bincike a tashar da ɗanyen bayit ke bi. ESP32 ma da kansa yana zubo rubutu a tasharsa ta farko duk lokacin da ya tashi, wani dalilin ke nan da ya sa mai karɓa yake buƙatar alamar farawa.

Gwaji da na'urar gaske: DFPlayer Mini

Wannan ƙaramin modul mai kunna MP3 daga katin memori shi ake sawa a agogon kiran sallah na haɗin gida da ƙararrawar makaranta. Yana sauraro a 9600, kuma kowane umarni bayit goma ne: 7E na farawa, FF, 06 na tsawo, lambar umarni, bayit na neman amsa, adadi mai bayit biyu da na sama a gaba, jimla mai bayit biyu, sai EF na rufewa. Jimlarsa ita ce a tara bayit shida na tsakiya a ɗebe daga sifili.

```cpp
#include <SoftwareSerial.h>
SoftwareSerial mp3(10, 11); // RX, TX

void umarni(uint8_t lamba, uint16_t adadi) {
  uint8_t k[10] = {0x7E, 0xFF, 0x06, lamba, 0x00,
                   highByte(adadi), lowByte(adadi), 0, 0, 0xEF};
  uint16_t j = 0;
  for (uint8_t i = 1; i <= 6; i++) j += k[i];
  j = 0 - j;
  k[7] = highByte(j);
  k[8] = lowByte(j);
  mp3.write(k, 10);
}

void setup() {
  mp3.begin(9600);
  delay(2000); // bari ya karanta kati
  umarni(0x06, 20); // karfin sauti, 0 zuwa 30
  delay(100);
  umarni(0x03, 1); // kunna fayil na farko
}
void loop() {}
```

Umarnin kunna fayil na farko zai fita a matsayin 7E FF 06 03 00 00 01 FE F7 EF, na ƙarfin sauti kuma 7E FF 06 06 00 00 14 FE E1 EF. Lura da sifili biyu a tsakiyar kowanne, da rubutu aka tura su da bayan bayit na huɗu aiken zai tsaya. Sa rasista 1k tsakanin ƙafa 11 da RX na modul. Umarni 03 yana bin jerin da aka kwafa fayilolin a kati ne, ba sunansu ba. In kana son ya bi suna, zuba su a folda mai suna MP3 da sunaye irin 0001.mp3, ka yi amfani da umarni 12 na heks.

Duk na'urar da ka ɗauko, takardar bayananta za ta ba ka jadawali irin wannan. Abin nema a ciki guda biyar ne: gudu, bayit na farawa, jerin na sama da na ƙasa, waɗanne bayit ke shiga jimla, da ko akwai misalin cikakken umarni da za ka gwada lissafinka a kai.

A ƙarƙashin write, da sauran alluna

Ga mai son ganin abin da laburaren ke yi, ko mai rubuta C zalla a ATmega328P:

```c
void fara(void) {
  UBRR0H = 0;
  UBRR0L = 103;                            // 9600 a 16 MHz
  UCSR0A = 0;
  UCSR0B = (1 << TXEN0);
  UCSR0C = (1 << UCSZ01) | (1 << UCSZ00);  // 8N1
}

void tura(uint8_t b) {
  while (!(UCSR0A & (1 << UDRE0)));        // jira gurbi
  UDR0 = b;
}
```

Lambar 103 ta fito ne daga raba 16,000,000 da 16 sau 9600, a cire ɗaya. Duk abin da ka zuba a `UDR0` shi zai fita a ƙafar TX, babu fassara.

A STM32 kiran shi ne `HAL_UART_Transmit(&huart2, k, 9, 100)`, wato tasha, jeri, tsawo, da iyakar jira a milisakan. A MicroPython kan Pico ko ESP32, `uart.write(bytes([0xAA, 0x55, 5]))`, ko ka gina kayan da `struct.pack('<HhB', batir, zafi, kirga)`, haruffan tsarin iri ɗaya da waɗanda ka sa a `unpack` na kwamfuta.